Keken da Ke Ƙin Ƙofar Malam Gidaɗo

Ranar da Sahabi ɗan Na'Allah mahauci ya fara ganin Mariyatu, daga ƙasa ya kalle ta, yana kwance, sabon kekensa a bisansa.

Lokacin sanyi ne, ana saura 'yan watanni mulkin kai. Keken baƙi ne mai giya uku, irin wanda in ka ƙirga masu shi a Sakkwato yatsunka sun ishe ka. Ya ɗauro naman safe zai kai gidan Malam Gidaɗo, da ya hango budurwa a bakin zaure sai ya ce bari ya nuna bajinta. Ya danna giya, ya miƙe tsaye bisa feda. Fedar ta zarce fayau kamar babu sarƙa, sai ga shi a ƙasa.

Mariyatu, ɗiyar Malam, ta ɗauki kwanon naman ta kakkaɓe shi.

"Sannu, Mai-giya-uku. Wacce daga ciki ce ta kayar da mutum?"

"Ba giya ba ce," in ji Sahabi yana duba gwiwarsa. "Ido ne ya tahi inda ba a aike shi ba."

Tun daga ranar, kwanon nama ba ya komawa wofi. A ƙarƙashin murfi akwai 'yar takarda da rubutun ajami. Ta farko cewa ta yi: "Mai-giya-uku, gobe ka sauka tun daga bakin rijiya. Ba mu da mai ɗori a gidanga." Shi kuma ya mayar: "Hasken zaure, in karaya ce za ta sa ki leƙo, ga ƙahwa biyu."

Da magana ta yi ƙarfi, Na'Allah ya aika manya. Malam Gidaɗo bai ce i ba, bai ce a'a ba. Gidan karatu ne, ba su saba ba mahauta aure ba, kuma ga Junaidu, ɗan ƙanin Malam, akawu a ofis, wanda ya daɗe da sa rai. Malam ya ce a ba shi lokaci ya ga halin yaron.

To, keken nan bai bar halinsa ba. Kullum da safe, a hanyar gidan Malam, giya ta ɗaya ta ƙi shiga, ta biyu ta zame, ta uku ta yi ƙara. Amma da azahar, in zai tafi Wamakko duba dabbobi, sai ya yi ta gudu sumul. Sahabi ya kai shi wurin Tambari mai gyaran keke da la'asar. Tambari ya ɗaure wayar giya, ya daidaita 'yar sarƙar da ke fitowa daga cibiyar ƙafar baya, ya hau ya kewaya kasuwa ya dawo.

"Lahiya lau yake. Kai ne ba ka iya ba. In za ka sauya giya, ka sassauta ƙahwa."

Sahabi ya sassauta ƙafa. Washegari keken ya sake zubar da shi a ƙofar Malam.

Na zauna da mutane iri-iri, kuma ban taɓa ganin wanda zargi ya kama ya rasa shaida ba. Sahabi ya tuna ranar da ya fito daga zaure ya tarar da Junaidu ya duƙa yana taɓa wayar giyar. Ya tuna murmushinsa. Ya haɗa lissafinsa tsaf: keken da ke zuwa Wamakko lafiya, ya ƙi zuwa gida ɗaya tak, ai ba ciwon ƙarfe ke damunsa ba. A rumfar mahauta, gaban jama'a, ya ce an yi wa kekensa asiri, kuma daga gidan da yake neman aure aka yi.

Kafin la'asar maganar ta isa zauren Malam.

Malam Gidaɗo ya sa aka kira Sahabi, bai ko ce ya zauna ba.

"Gidanga tun kakanni Alƙur'ani ake karantawa cikinsa. Ka ce muna sihiri. Ran Juma'a da hantsi ka zo da shaidarka. In babu, kar in sake ganin namanka, balle kai."

Washegari Sahabi ya kawo naman ƙarshe. Yana jingine keken sai ya ga Mariyatu ta tsuguna, ta kai hancinta kusa da cibiyar ƙafar baya, ta lakato wani abu da yatsa. Har da ita ke nan?

"Mi kike sa mishi?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Ni ma yanzu na shiga cikin masu asirin?"

Ta shige gida. Da aka fito masa da kwanon, ya buɗe shi a hanya, bai yi zaton samun komai ba, sai ga takarda, tun kafin ya zo aka rubuta ta: "Kwana uku ina ganin kiyashi na hawan ƙahwar baya, suna shiga ramin mai. Kiyashi ba ya cin ƙarfe. Mi kake ba kekenka?"

Sahabi ya tsaya tsakiyar hanya.

Ranar da ya sayi keken, an haɗa masa da ɗan gwangwanin mai, an nuna masa ramin da ake ɗigawa. Da ya ga man tsararo ne kamar ruwa, sai ya raina shi. Shi da ya tashi yana ganin ana shafa wa wuƙa kitse don kar ta yi tsatsa, yaya zai ba abin da ya fi so ruwa-ruwa? Ya zaɓi kitsen ƙoda, mafi kyau a jikin saniya, ya narkar da shi ya ɗura, kuma duk mako yana ƙarawa. Da sanyin safe kitsen ya daskare ya riƙe haƙoran giya. Rana na yin zafi sai ya narke.

Tambari ya kwance cibiyar, ya yi ta kwaso farin kitse da tsinke yana dariya.

"Da ka ƙara albasa da mun sha romo. Ka ce wa Malam kawai na gyara, kowa shi huta."

Sahabi ya girgiza kai. Da ya bi shawarar, da ya tsira daga dariyar kasuwa, amma zargin yana nan a wuyan Junaidu.

Ran Juma'a da hantsi zauren ya cika. Sahabi ya durƙusa, ya ajiye kitsen a ganye gaban Malam.

"Allah shi gafarta Malam, ga shaidata. Na samo mai asirin, ni ne." Ya faɗi komai, bai rage ba. Sannan ya juya wajen Junaidu. "Na ɓata maka suna gaban mahauta. A can zan koma in wanke ka. Ka yahe mini."

Junaidu ya dubi ganyen.

"Wayar na gani ta yi sako-sako, na so in ɗaure maka," ya ce. "Na yahe. Mariyatu kuwa ai na daɗe da sanin inda ta karkata."

Malam ya taɓa kitsen da bakin alƙalaminsa.

"Wa ya gane wanga abu?"

"Mariyatu."

"To, ka ga wadda ka zarga." Ya gyara zama. "Na ga masu karatu da yawa da ba su iya cewa sun yi kuskure. Ka ce wa Na'Allah shi turo."

Mariyatu kam, sai da Sahabi ya yi kwana goma yana aika mata takarda kafin amsa ta zo: "Na haƙura, Mai-giya-uku. Amma in na zo gidanka, kitse nawa ne, keke naka."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Junaidu ne ya raba goro. Malam ya ɗaga hannu ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya ƙara da cewa Allah shi tsare su daga zato, jama'a suka shafa.

Ranar kai amarya, ango ya hau kekensa ya bi ta ƙofar Malam Gidaɗo. Ya sassauta ƙafa, ya danna giya ta uku, ta shiga ba ko ƙara.