Ƙishirwar Shanun Dutse

Ku matso kusa. Hansai, rage fitilar nan. Kai kuma Ɗanliti, in dariya za ka yi, tashi ka koma ɗakin gwaggo tun yanzu. Kowa ya yi bisimilla.

Kun sha tambayata abin da ke kai marigayi maigidana Dutsen Jan Sa duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗuwa. Yana raye ya hana ni faɗa. Yanzu ƙasa ta rufe masa ido, na fita takaba, kuma dole ta sa ku ji.

Dutsen kun san shi. Rumfa ce ta dutse a bayan gari, bangon cikinta da zanen shanu na jar ƙasa. Shanu marasa tozo, masu dogayen ƙahoni, irin da babu su a garken kowa yau. Ba wanda ya san hannun da ya zana su. Kakannin kakanninmu haka suka tarar.

Shekarar da na haifi Asabe mutanen gidan tarihi suka sake zuwa, kamar yadda suka saba. Shugabarsu mace ce, Malama Dije, mai ɗora malafa a kan mayafi. Ita ta lura cewa duk damina ruwa na gangarowa daga saman dutsen, ya bi ta kan zanen, yana cinye shi kaɗan-kaɗan. Ta nemi magini, aka kira marigayi.

Ta ce masa, "Malam Jatau, ka ga girarka? Ita ke hana gumi shiga idonka. Irinta nake so ka yi wa dutsen nan da siminti, ruwa ya riƙa zuba ta gefe. Amma ko da ɗan yatsa kada ka taɓa zanen. Amana na ba ka."

"Na karɓa, ranki ya daɗe."

Ya kafa tsani, ya yi aikinsa. Gira ta fito sumul, ta kama dutse kamar da ita aka halicce shi.

Ranar ruwan farko, da la'asar sakaliya, ya ce bari ya je ya ga ko aikin ya riƙe. Shi kaɗai ya tafi. Yana isa ruwa ya tsinke, ya fake a cikin rumfar. Ya ɗaga kai. Ruwa na zuba ta dama, yana zuba ta hagu. Bangon zane kuwa a bushe ƙamas. Ya yi murmushi.

"Sannu da aiki, magini."

Daga bayansa muryar ta fito, daga jikin bango. Ya waiga. Ba kowa, sai shanun zane. Ya juyo.

Ga mutum a bakin rumfar, tsaye cikin ruwa.

Dogo ne, siriri, ja kamar tukunyar da aka fito da ita daga wuta. Ya saɓa sanda a kafaɗa irin ta makiyaya. A karkace yake tsaye, gefensa ɗaya kawai ake gani. Ido ɗaya. Kunne ɗaya.

Marigayi ya ce, "Yauwa. Shigo mana, kada ka jiƙe."

Bai shigo ba. Kuma bai jiƙe ba. Ruwa na dukansa, ko ɗigo bai zauna a jikinsa ba. Marigayi ya sunkuyar da kai, idonsa ya sauka a kan ƙafafun. Babu ta dama, babu ta hagu. Duka biyun iri ɗaya ne, gefe guda suke kallo.

Bakin mutumin ya motsa, ya rufe. Sai bayan ya rufe maganar ta fito, daga bangon baya.

"Kai ka tare mana ruwa?"

"Sa ni aka yi."

"Hannun wa?"

Marigayi ya kau da kai.

"Hannun wa, magini?"

"Nawa."

"Shekara guda shanun nan suna jira. Sau ɗaya suke sha. Yau ce ranar."

Marigayi ya buɗe baki zai karanta abin da ya sani. Sai ya ji numfashi a ƙeyarsa. Mai ɗumi. Mai warin ciyawa. Ba na dabba ɗaya ba.

"Yadda suka kwana, haka za ka kwana," in ji muryar.

Mutumin ya juya zai tafi. Yana juyawa ya zama siriri kamar kaifin wuƙa. Sai babu shi.

Ban san yadda ya iso gida ba, shi ma bai sani ba. Ko sallama bai yi ba, ya wuce gindin randa. Ya sha moɗa ɗaya, ya ƙara, ya ƙara. Na ce, "Malam, lafiya? A jiƙe kake sharkaf, kana shan ruwa kamar wanda ya kai azumin bazara."

Ya ce, "Ladidi, ba ya sauka."

"Me?"

"Ruwan. Ina haɗiya, amma ba ya zuwa ko'ina."

Haka ya kwana, haka ya wuni. Na dama masa fura, na jiƙa masa tsamiya, na sayo ƙanƙara. Cikinsa ya cika tim, leɓensa na tsagewa. Aka yi rubutu ya sha, shi ma ya bi sahun sauran. Muryarsa ta koma kamar ana jan kara a kan tabarma.

Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya lallaɓa ya sami Malama Dije a masaukinsu, ya faɗa mata komai.

Ba ta yi masa dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce, "Malam Jatau, wannan alamar ciwon suga ce. Ga mota, a kai ka a gwada jininka."

"An gwada, ranki ya daɗe. Sun ce na fi likitan lafiya. Ki ba ni izini in fasa girar nan."

"Ka fasa? Ka ga ɗan maraƙin da ke can ƙasa? Da ƙafa huɗu na san shi, yau saura biyu. In ruwa ya ci gaba da bi ta kansu, jikokinka ko ƙaho ba za su gani ba. Ba kai ka ce ka karɓi amana ba?"

"Na ce."

"To?"

Gaskiya ta faɗa, kuma shi mutum ne da bai iya cin amana ba. Ya dawo gida ya kwanta. Cikin dare na ji yana lasar bangon ɗaki, wajen da ya yi sanyi.

Washegari hadari ya sake haɗowa. Ya tashi yana tangaɗi, ya ɗauki guduma da ƙatuwar ƙusa da ragowar siminti a buhu. Na riƙe masa riga.

"Bari in kira yayanka ya raka ka."

"Ni na ɗaure, ni zan kwance."

Da na sani, da ihu na yi har unguwa ta taru.

Ya isa da almuru. Ko tsuntsu ba ya kuka. Mutumin na nan a bakin rumfar, a karkace, kamar tun ranar bai motsa ba.

"Ka zo fasawa?"

Marigayi ya tattaro sauran muryarsa. "Ruwan nan cinye su yake yi. In na fasa, za su ƙare."

"Mun sani."

"Kun sani?"

"Da mun fi haka yawa. Mai sha yana ƙarewa. Kai da ka ɗanɗana, wanne ka zaɓa? Ka daɗe a haka, ko ka sha ka tafi?"

Marigayi ya dubi bangon. Idanun shanun duk a kansa suke, alhali mai zanen bai yi musu ido ba.

Ya ce, "Dole sai ta kansu ruwan zai bi? Saniya ai da baki take sha, ba da gadon baya ba."

Tsawa ta yi gunji daga nesa.

"Gwada."

Ya hau tsanin da ya bari a wurin. Bai fasa girar ba. A can ƙarshenta ya sare 'yar kafa, faɗin yatsa biyu. Ya ja siririyar hanya da siminti ta gefen bango, inda babu zane, har ƙasa. A ƙasan, daidai saitin bakin babbar saniyar da ke gaba, ya gina ɗan kwarmi kamar ƙoƙo. Yana aiki, numfashin nan na bin wuyansa. Bai waiga ba.

Ruwa ya sauko. Ya biyo kafar, ya gangaro, ya taru a kwarmin.

Sai ya ji sha.

Kun san ƙarar garke a bakin rafi? Ita. Cikin duhu, a rumfar da babu kowa. Kwarmin ya cika, ya ƙafe. Ya cika, ya ƙafe. Can ya ji wani sanyi ya ratsa maƙogwaronsa, ya sauka har cikinsa, shi da bai kai komai baki ba. Ya durƙusa yana kuka.

"Duk shekara, kafin ruwan farko, a share hanyar," in ji muryar. "Ganye na toshe ta. Zanzaro na gini a ciki. In ta toshe, gidanka za mu zo tambaya."

"Na ji."

"Tafi. Ta gabana za ka wuce. Kada ka zagaya."

Ya kwashi kayansa. Amma bakin rumfar ƙunci gare shi, ga santsi, ga duhu, ga ba wanda zai riƙe masa hannu. Ƙafarsa ta zame. Ya faɗi ta bayan mutumin, ya ɗaga ido.

Ya ga ɗaya gefen.

Ɗanliti, kada ka tambaye ni. Ni ma na tambaya. Abin da ya ce kawai, "Ladidi, ba a zana shi ba."

Da gudu ya iso gida. Ya sha moɗa ɗaya, ta ishe shi, ya yi barci.

Malama Dije ta je duba aiki bayan kwana biyu. Ta ga kafar, ta ga kwarmin, ta shafa bangon zane ta ji shi a bushe.

"Wannan ƙoƙon fa, Malam Jatau?"

"Na shan ruwa ne, ranki ya daɗe."

"Na wa?"

Ta ɗaga kai ta dubi babbar saniyar. Ta daɗe tana dubanta. Ta ce a hankali, "Shekara da shekaru ina kallon saniyar nan. Da can kanta a sama yake." Ta gyara malafarta. "Kada ka bari ya toshe."

Bai taɓa bari ba. Amma tun daga daren nan gefensa na hagu bai ƙara yin ɗumi ba. Da yatsu ya fara. Shekara na zuwa, sanyin na hawa. Bara ya kai kafaɗa, bana da rani ya kai zuciya. A asibiti sun ce shanyewar ɓarin jiki ce. Na bar su a haka. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

To, duk watannin nan ina cikin takaba, ban fita ba. Ba wanda ya share hanyar. Kun kuma ga gabas yau, yadda ta yi baƙi.

Jiya da almuru ina tankaɗe a tsakar gida, aka ce, "Sannu da aiki, matar magini." Ƙofar gida na gabana. Maganar daga bangon bayana ta fito.

Shi ya sa na tara ku. Gobe da hantsi za mu je, rana na sama, mu duka, hannu cikin hannu. Wanda ya zame, a riƙe shi. In kun ga mutum tsaye a karkace, ku gaishe shi, ku wuce ta gabansa. Kuma ko bayan raina, kada ɗayanku ya kuskura ya bi hanyar dutsen nan shi kaɗai.

Hansai, miƙo min moɗar nan.

Ƙaro mini. Ba ya sauka.