Iskar da Na Karɓa a Ƙasan Murjani

Nutso na huɗu ke nan a ranar. Kunnuwana na zugi, bayana kamar an lakaɗa min duka. Shekara ashirin ina ɗaukar hoton kifi a duwatsun murjani na ƙarƙashin tekun tsibirin Kaledupa, wallahi gishiri ya ishe ni. Amma akwai wani ɗan kifi mai shuɗi da ruwan lemo da ba ya fitowa sai dab da magariba, shi kuma mai mujalla ya nace yana so.

Kawu La Mbeli ya kashe injin jirgin ruwanmu. Warin fetur ya gauraya da na sigarinsa mai kanumfari.

"Hamrin," ya ce ƙasa-ƙasa, "ba a shiga nan in rana ta yi ja. Masu wurin na fitowa."

"Kawu, in sun tsaya da kyau su ma sai in ɗauke su."

Bai yi dariya ba.

Ƙanwata Wa Nurmi, wadda muke nutso tare, tana fama da igiyar tabaranta na nutso. "Yi gaba, Yaya. Da wannan tsufan naka ai kafin ka kai ƙasa na cim maka."

A aikinmu ba a sauka mutum ɗaya. Gajiya ta sa ban jira ta ba, na sauka ni kaɗai.

Ƙasa babu sauti sai numfashina da ƙas-ƙas ɗin murjani, kamar ana suyar gyaɗa. Na daɗe a kwance ina jira, kifi ya ƙi fitowa. Sai na ji an ƙwanƙwasa tukunyar iska, irin wadda muke goyawa, sau biyu. Na waiwaya, ga Nurmi da jan takalmin iyonta, tana yafito ni.

Na bi ta. Mita ashirin. Talatin. Ruwa ya yi duhu.

Na ja numfashi, ya ƙi zuwa. Allurar agogon awon iska ta kwanta a sifili.

Na gitta hannu a wuya, alamar iskata ta ƙare. Ta miƙo min bututun iskarta na biyu, yadda muka saba gwadawa. Na cafke. Iskar sanyi ƙalau, mai warin laka. Na zuƙa sau uku.

Sai na lura. Duk mai nutso kumfa na tashi a kansa.

Ita babu.

Na haska mata fitilar kyamara. Ba ido a cikin tabaran. Ruwa ne cike, wani ɗan kifi shuɗi na kewayawa a ciki.

Na tofar da bututun, na yi sama, ƙirjina na neman tsagewa.

Kawu ne ya jawo ni cikin jirgi, jini na zuba a hancina. Ga Nurmi zaune, gashinta a bushe, tsinkakkiyar igiya a hannunta.

"Yaya, ni fa ban shiga ba."

Kawu ya sunkuyo kunnena. "Wadda ka bi a ƙasa, ta ba ka wani abu?"

"Iska."

"Ka zuƙa?"

Na gyaɗa kai. Ya juya ya tada inji, bai ƙara kallona ba.

Kwana tara na yi a asibiti. Bayan wata biyu na koma ruwa tare da Nurmi, da rana tsaka, mita biyar kacal. Minti goma ba a yi ba Nurmi ta kalle ni, ta ja da baya, ta yi sama.

Na iske ta a jirgi. Ta kama agogon iskata, allurar na nan inda take tun a tudu.

"Yaya," ta ce da raɗa, "ko ƙwayar kumfa ɗaya ba ta fita daga bakinka ba."

A makon na sayar da kyamarar.