Agogon Kogon Tsamiya

Ranar da abin ya fara, babu wanda ya ga alamar komai. An yi ruwa da la'asar ya ɗauke, ƙasa na ƙamshi, Inna Dije na alwala a bakin baranda, 'yarta Hauwa na kwashe shanya daga igiya. Hamisu, yayan Hauwa, yana ɗaki da akwatinsa na agoguna a buɗe a gabansa.

Ya daɗe a Ingila wajen karatu, kuma tun da ya dawo bai zauna ba. An ba shi aiki, an ba shi gida a Nassarawa cikin waɗanda Turawa ke bari a shekarar samun mulkin kai, ya ɗauko mahaifiyarsa da ƙanwarsa daga cikin birni. Amma zuciyarsa na Ikko, inda ya ce zai sake hawa jirgin ruwa da zarar an gama bikin mulkin kai. Agogo kaɗai ke tsayar da shi wuri guda. Duk Baturen da ya yi gwanjon kayansa, Hamisu na can yana kara agogo a kunne. Yana da na zinariya, da na azurfa, da mai haske a duhu. Da safe ya ɗaura wannan, da rana ya sauya wancan.

Wanda ya fi so bai saye shi ba. Iskar hadari ce ta karya reshen tsamiyar bayan gida, kogo ya bayyana, a ciki ya ga ƙunshin fata a ɗinke kamar laya. Bai gaya wa Inna ba, don ya san abin da za ta ce. Ya sa reza ya farke. Tsohon agogon hannu ne irin na sojan yaƙin duniya na farko, allurarsa a tsaye, saura kaɗan bakwai ta cika. Ya kai wa Sebastian mai gyara a Sabon Gari, aka wanke shi, aka sa masa mai. A wannan yammacin ya karɓo shi, agogon na tafiya.

Allura ta hau bakwai daidai lokacin da kiran sallah ya taso can nesa daga Tudun Wada. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

Suka saurara. Wani ya sake faɗowa, sannan wani, a jere, ba gaggawa, kamar mai jifan yana bin bugun wani abu. Hamisu ya fita ya zagaya gidan. Babu kowa, ganyen tsamiya ma ba ya motsi. Da ya dawo, Hauwa na tsaye rungume da kayan shanya, ta kafe wuyan hannunsa da ido.

"Yaya, ya wuce," ta ce.

"Me ya wuce?"

Ta juya ta shige ɗaki da kayan.

Daga ranar kowace magariba jifan ke dawowa. Agogunan akwati duk suka tsaya, ya murɗa su har yatsunsa suka yi ja, ko ɗaya bai motsa ba, sai na tsamiya kaɗai. Hauwa ta daina cin abinci. Takan zauna ta fuskanci bango tana buga harshe a ganɗa, ƙas, ƙas, ƙas, daidai da agogon da ke hannun yayanta ko da yana can ƙarshen gida. Likita ya duba ta, ya ce ba ya ganin ciwo. Wuyanta ya rame, idanunta suka faɗa.

"Hamisu, me ka shigo mana da shi?" in ji Inna wata safiya, murya ƙasa-ƙasa.

Ya gaya mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta yafa mayafi ta tafi Tudun Wada da ƙafa.

Malam Tanko ya zo gab da faɗuwar rana, dattijo siriri mai tari. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a baranda, aka zaunar da Hauwa, ya fara karatu a hankali. Duhu na sauka, tsuntsaye suka yi tsit. Can sai yarinyar ta ɗaga kai ta yi dariya da muryar tsoho.

"Wani malamin kuma? Ku ba kwa gajiya da yaudara?"

"Ni ban yaudare ka ba. Musulmi ne kai?"

"Na riga kakanka sallah."

"To me ya haɗa ka da 'yar mutane?"

Muryar ta ja numfashi. Ta ce tsamiyar gidanta ce tun kafin a zo da kwano da siminti. Da aka gina wannan gida ta hana Baturen farko barci, kukunsa ya kawo wani malami. Malamin ya karɓi agogon Baturen, ya nuna mata allura, ya ce ta rantse za ta zauna a kogo har allurar ta kai bakwai. Ta ga saura kaɗan, ta rantse. Shi kuwa ya riga ya tsayar da agogon, ya ɗinke shi, ya cusa mata.

"Na zauna ina jira. Damina ta zo ta wuce, ta zo ta wuce. Ban karya rantsuwa ba. Wannan ne ya cika mini lokacina." Hannun Hauwa ya nuna Hamisu. "Yanzu na fito, kuma nan ya yi mini."

Malam Tanko ya gyara zama.

"An zalunce ka," ya ce. "Amma ba ita ta zalunce ka ba. Ka fita, ko in ci gaba da karatu, ka san abin da zai biyo baya."

Ya ɗaga murya da ayoyi. Jikin Hauwa ya ɗauki rawa, duwatsu suka zubo kan rufi kamar ƙanƙara, Inna ta toshe baki da mayafi.

"Tsaya!" in ji muryar. "Zan koma. Amma da agogon."

"An ba ka," Hamisu ya yi wuf ya ce, yana kwance maɗaurin.

"Yana tafiya nake son sa. Na gaji da zama da lokacin da ba ya motsi. Kowace magariba a zo a murɗa shi ina ji. Ranar da ya tsaya, na san inda yarinyar take."

"Ni zan riƙa murɗawa," in ji Inna.

"A'a, tsohuwa. Hannun da ya tashe shi."

Malam ya nemi a sassauta, a bar kowa na gidan ya yi, ko a sa wa'adi. Muryar ta ce ta gama da wa'adi. Malam ya juyo ya dubi Hamisu.

"Samari, irin wannan agogon kwana nawa yake yi ba a taɓa shi ba?"

"Kwana ɗaya, Malam. Da ɗan ƙari."

"To ka ji. Ni ba zan amsa maka ba."

Hamisu ya dubi ƙanwarsa, ya ga ƙasusuwan wuyanta, ya ga leɓenta a bushe. Kwana ɗaya ko Ikko ba ya kai mutum.

"Na yarda," ya ce.

Hauwa ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin mahaifiyarta. Da ta buɗe ido, da muryarta ta ce, "Inna, akwai sauran tuwo?"

Aka yi bikin mulkin kai aka gama. Abokan Hamisu suka tafi, wasu Kaduna, wasu ƙetare. Agogunan akwati suka tashi da kansu, amma bai ƙara ɗaura ko ɗaya ba, ya ce ya san lokacin da ya dame shi. Kowace yamma, in rana ta yi ja, yakan taka zuwa bayan gida, ya yi bisimilla, ya zura hannu cikin kogo. Wani lokacin kukan jirgin ƙasa kan taso daga tasha yana tsaye a wurin. Sai ya dakata har kukan ya ɓace, sannan ya ƙarasa murɗawa a hankali, don tsohon agogo ba ya son ƙarfi.