Tallan da Ba Suna

Ranar kasuwar Gummi, Muntari, manomi daga Zugu, ya kwance buhun takin da ya saya a makon jiya. Taki kamu ɗaya ne a sama, sauran duk yashi. A jikin buhun kuwa ga sunan Alhaji Bature, wanda ya shekara talatin yana sayar da taki ba a taɓa mayar masa da buhu ba. Kafin azahar jama'a sun cika ƙofar shagonsa.

Sajan Husaina ce ta karɓi binciken. Muntari ya ce wanda ya sayar masa a kasuwa ya rufe fuska da rawani, lasifika ce kawai ke magana. Ya ma ɗauki tallan a waya don ya ba matarsa dariya. Ta saurara: "Furomo! Orijinal! Garanti! Las cans!" Daga nan sai tallan ya koma farko.

Alhaji Bature ya ce ranar da aka yi cinikin yana Anka wurin jana'iza, limamai biyu suka shaida. An kuma zargi Lukman mai ɗinkin buhu, amma shi da basilla yake aiki, wannan buhun kuwa ɗinkin inji ne. Ta sallame shi.

Muryar ta Nuraddeen ce, mai naɗa wa 'yan kasuwa talla da Turanci. Da ta same shi, bai musa ba.

"Ranki ya daɗe, kowa ni ka yi mai. Wani baƙo ne ya biya ya tafi."

Husaina ta fito daga shagonsa. Ta zaga kasuwa, ta tsaya gaban lasifika goma sha ɗaya. Daga mai maganin basir har mai omo, kowane talla da abu ɗaya yake ƙarewa: "Nura Bes, namba wan!" Mai omon ya ce ya taɓa roƙon a cire masa, Nuraddeen ya ce ko gwamna bai isa ba.

Ta koma wurin Nuraddeen, ta kunna masa wayar Muntari.

"Malam Nura, ina namba wan ɗin?"

Ta kashe wayar, ta ci gaba:

"Ba ka taɓa cire sunanka don kowa ba. Ranar da ka cire, kai ne cikin rawanin."

A bayan shagonsa aka sami injin ɗinki da tsofaffin buhunan Bature arba'in.

Da la'asar Alhaji Bature ya buɗe shago. Wani ya ba shi shawarar ya sayi lasifika ya wanke sunansa. Shi kuwa Alhaji sai ya miƙa wa Muntari wuƙa, ya nuna masa buhunan.

"Zaɓi wanda ka so, ka farke shi daga gindi."