Hannun Kuwabara

Ƙarfe biyar na yamma lasifikar unguwa ta saki ɗan kiɗan nan mai kora yara gida, daidai lokacin da na sauka daga jirgin ƙasa a Kawaguchi. Tef zan karɓo daga ma'ajiyar kamfaninmu na faifan waƙa. Ƙarshen Oktoba ne, duhu ba ya jira. Hanyar ta bi ta bayan wasu masana'antu da suka daɗe da rufewa, ba kowa sai hankaki a kan wayoyin lantarki, da ƙanshin gasasshen dankali daga wata mota da ban hango ba.

Tomita-san, tsohuwar da ke kula da ma'ajiyar tun muna samari, ta riga ta fito da kwalin. Ta ɗora hannu a kansa, ba ta miƙo mini ba.

"Ogiwara-san, ka ga rubutun kuwa?"

"Na gani."

"Na Kuwabara ne, kamar tonon kaza." Ta rage murya. "Ka je ka gaishe shi?"

A sana'armu ba a taɓa tef ɗin mamaci haka kawai. Ko ka je kabarinsa, ko ka zuba shayi a kofi ka ajiye kan na'ura, ka sunkuyar da kai ka ce, "Zan taɓa aikinka, ka yi mini izini." Kowa yana yi, har masu cewa camfi ne.

"Zan je," na ce.

"Ƙarya kake yi. Shekara arba'in ina kallon fuskar nan taka, na san ranar da take ƙarya." Ta turo kwalin. "Mutum ya mutu, amma kai har yanzu kuna kokawa. Kofin shayi ɗaya, me zai rage maka?"

Na yi mata kunnen uwar shegu, na rungumi kwalin na fita.

Bari in faɗi gaskiya tun yanzu, don ba ni da sauran wanda zan ɓoye wa. Na yi ƙyashin Kuwabara yana raye, na ci gaba da yi bayan an ƙona gawarsa. Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki, malami ɗaya ya koya mana haɗa sautin faifai. Ni nakan riga kowa zuwa, in goge na'ura, in rubuta kowane maɓalli da na murɗa a littafi. Shi kuwa sai rana ta take zai shigo, rigarsa a yamutse, sigari a baki. Ya zauna, ya rufe ido, ya taɓa maɓalli biyu ko uku kamar mai gyara wuyan riga, sai ka ji waƙa ta miƙe tsaye. Idan na tambaye shi yadda ya yi, sai ya ce, "Oho. Haka ta nema." Wannan "oho" ɗin ta fi zagi ciwo a wurina.

Faifan mawaƙiya Hozumi Kayo na uku shi ya gama ni. Kuwabara ya haɗa sautinsa shekara arba'in da biyu da suka wuce, kuma har yau masu kunne suna farautar bugun farko a shagunan tsofaffin faifai. Shekara goma sha biyar baya kamfani ya ba ni in sake gyara sautin don sabon bugu. Na cire ƙarar shuu ɗin tef, na ƙara wa sautin haske da kaifi, na ɗaga shi. Mujallu suka ce ya yi tsabta kamar ɗakin asibiti, amma ba kowa a ciki. Kuwabara ya tare ni a bakin matakala, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka wanke ta da kyau, Ogi. Ka wanke har da mai waƙar." Bai faɗa da mugunta ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Bayan shekara huɗu ya mutu, ya bar ni da maganar.

Yanzu ga faifan ya dawo hannuna, kuma a watan Maris zan yi ritaya. Aikina na ƙarshe ke nan. Ko dai a ce Ogiwara ya zarce Kuwabara sau ɗaya a rayuwarsa, ko in tafi gida a matsayin mutumin da ya ɓata faifan Hozumi Kayo har sau biyu.

Tsohon tef yakan yi danƙo, sai an gasa shi a tanda mai ɗan ɗumi kafin a kunna. Kwana biyu wannan ya yi a ciki. Masu gasawar suka gargaɗe ni cewa ya ruɓe da yawa, sau ɗaya tak zai iya wucewa ta kan na'ura, kuma in aka tsayar da shi a tsakiyar waƙa zai manne, fatar da ke ɗauke da sautin ta saɓule. Mai hankali zai kwafe shi a kwamfuta yadda yake, ya yi gyaransa a tsanake. Ni na ce a'a, da hannu zan gyara, tef yana tafiya ina murɗa maɓallai, yadda Kuwabara ya yi. Ba na son gobe wani ya ce kwamfuta ce ta taimake ni.

Rana ta uku da almuru, bayan ma'aikata sun watse, na sauka ɗakin aikina a ƙarƙashin ƙasa. Ba taga. Ƙofarsa mai kauri ce, in ka rufe ko ihu ka yi ba mai ji. Na rufe.

Na ɗora tef ɗin. Yana warin tsohon kakin zuma da tsatsa. Na kunna farkonsa, inda mai haɗa sauti yakan faɗi sunan aikin kafin waƙa ta fara.

Aka ƙyasta ashana. Aka ja numfashi.

"Hozumi Kayo, faifai na uku, daga farko. Kuwabara ne."

Shekara goma sha ɗaya rabona da muryar nan, amma nan take wuyana ya ɗauki zafi. Bayan maganar akwai farin tef marar sauti, inda ake iya tsayawa lafiya. Na tsayar. Ga tulun shayina a gefe, ga kofi. Na dube su.

Sai na ɗauki reza.

Na yanke wurin muryarsa, tsawon kamu uku, na dunƙule na jefa a kwandon shara. Na liƙe bakin tef ɗin. Raina ya yi fari, ba zan yi ƙarya ba.

Na saita maɓallaina, na danna maɓallin ɗauka, na saki tef. Minti arba'in da ɗaya, ba tsayawa.

Ganga ta shigo da kuge, sai jita, sai muryar Hozumi Kayo tana 'yar shekara ashirin da huɗu. Na ƙara haske kaɗan. Kugen ya fito ƙal. Na ce a raina, yau za su ji.

Sai na ji warin sigari.

Ban taɓa shan sigari ba. An hana shi a ginin nan tun da daɗewa. Warin kuma ba tsoho ba ne, sabo ne, mai ɗumi, daga hagu.

Kujerar da ke haguna ta yi ƙiiƙ, kamar an zauna.

Ban juya ba. Na zuba wa allurar awon sauti ido. Daga nan na ji kugen ya yi laushi. Na duba maɓallin hasken da na murɗa. Ya koma baya.

Na mayar da shi.

Ya sake komawa, a hankali, ina kallo.

Hannuna ya nufi wurin tsayarwa, na janye shi da sauri. In na tsayar, tef ya mutu, kuma sunana ne a takardar karɓa. Saura minti arba'in.

"Ka yi yawa, Ogi."

Raɗa ce, dab da kunnena na hagu. Na ji hucin a fatata, mai sanyi.

"Ba aikinka ba ne," na ce. Muryata ta fito kamar ta wani. "Naka ya wuce. Wannan nawa ne."

"Saurara mana. Ba ka sauraro, tun da can ba ka sauraro."

Ina jin tsoro, amma ko a lokacin haushi ya fi tsoron yawa. Na damƙi maɓallin da hannu biyu, na murɗa shi inda nake so, na riƙe.

Wani abu ya sauka a bayan hannuna.

Yatsu ne. Dogaye, busassu, masu sanyi kamar ƙarfen gada da asuba. Ban ga komai ba, amma na ga fatar hannuna ta lotsa a wuri huɗu.

"Ba ni aron su," in ji shi.

Hannuwana suka saki maɓallin. Ba ni na sake su ba.

Suka fara yawo a kan na'urar, hagu nan, dama can, taɓawa kaɗan-kaɗan kamar mai gyara wuyan riga. Na yi ƙoƙarin dunƙule su. Ko gezau. Na so in tashi, ƙafafuna suka ƙi.

Waƙa ta biyu. Ta uku.

Kuma waƙar ta miƙe tsaye. Na ji leɓen Hozumi Kayo yana rabuwa kafin kowace kalma. Na ji faɗin ɗakin da ta yi waƙar a ciki. Hawaye suka zubo mini, ban san ko na tsoro ba ne ko na baƙin ciki.

A waƙa ta shida fuskar kwamfutar da ke ɗaukar sautin ta yi duhu da kanta, ta zama madubi.

Kawuna biyu ne a ciki.

Na biyun ya kwanta a kafaɗata. Idonsa a rufe. Wurin da baki ya kamata ya kasance, ɗan jan garwashi ne kawai yake haske yana dushewa.

Na runtse ido, ban sake buɗewa ba.

Sanyin ya bar hannuna ya hau damtsena. Ya kai kafaɗa. Ya fara gangarowa ƙirji. Numfashina ya koma guntu-guntu, kowane ja sai na ji ɗacin sigari a maƙogwarona.

Waƙa ta tara. Ta goma.

Sai fat, fat, fat, jelar tef tana dukan na'ura. Ya ƙare.

Hannuwana suka faɗo kan cinyata kamar tsumma. Na rarrafa zuwa ƙofa, na kama mariƙin. Ya ƙi motsi. A bayana wani abu yana motsi a kwandon shara, ƙas, ƙas, kamar dunƙulallen tef yana warware kansa.

Kujerar ta yi ƙiiƙ. An tashi.

Taku ɗaya. Taku biyu.

Na kifa goshina a ƙasa, a nan bakin ƙofa.

"Kuwabara-san," na ce, karo na farko da na haɗa sunansa da san ɗin girmamawa. "Na taɓa aikinka ba izini. Ka yi haƙuri."



Sai wata 'yar dariya ta hanci, wadda na sani sarai.

"San kuma? Yau ni ne san?"

Mariƙin ya faɗa da kansa. Na ranta a na kare, na haye matakala da hannu da ƙafa, ba takalmi. A waje mutane suna ta shiga shagon taliya, ko takwas ba ta yi ba. Na zauna a bakin titi ina rawar ɗari, wata mata ta tsaya tana tambayata ko a kira motar asibiti.

Sati biyu na yi a kwance, ban iya riƙe tsinken cin abinci ba. Da na koma, na tarar an riga an saurari abin da aka ɗauka, shugaban sashenmu har da rungume ni, mutumin da bai taɓa ba ni hannu ba. Na karɓi yabon.

Faifan ya fito a watan Fabrairu, sunana a bayansa. Mujallu suka ce ba a taɓa jin Hozumi Kayo haka ba, suka ce Ogiwara ya zarce bugun farko nesa ba kusa ba. Maganar da na yi shekara arba'in ina jira, ga ta baƙi a kan fari. Aka ba ni lambar yabo, na sa kwat na je na karɓa, na sunkuya, aka tafa. Na dawo gida na cusa ta a ƙasan kabad.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne gaskiya suka faɗa. Ya fi bugun farko. Mutumin nan yana cikin tulun toka, amma kunnensa ƙaruwa ya yi.

Wani mai sharhi a wata ƙaramar mujalla, irin masu sauraro da agogo a hannu, ya rubuta shafi huɗu na yabo. A ƙarshe ya ce aibu ɗaya kawai ya samu a faifan duka. A waƙar farko, daga daƙiƙa ta hamsin, akwai daƙiƙa goma sha ɗaya da kugen ya yi tsini yana sukar kunne, muryar ta bushe, kamar wani ɗan koyo ya kama maɓalli ya ƙi saki. Ya ce bai san yadda gwani irin Ogiwara ya bar wannan ya wuce ba.

Na ɗora faifan, na riƙe agogo, na ƙirga. Goma sha ɗaya cif. Su ne nawa.