Angon Kaka

"Ina Kaka?"

Takwara ce ta yi tambayar, tana tsaye a ƙofar gidan hutun da suka kama a bakin teku, riƙe da kwanon abincin tsohuwar.

Abba ya fito daga motar gaba yana miƙa. "Wace irin tambaya ce wannan, Uwata? Ba tana motarku ba?"

"A'a Abba... taku ta shiga."

"Ban son wasa."

Ta ruga ta leƙa motar Abba. Ƙannenta biyu na barci a baya, ga akwatuna, ga lemar shan iska, ga Umma na neman takalminta a ƙarƙashin kujera.

Babu Kaka.

Kwanon ya suɓuce daga hannunta.

"Abba, na yi mata allura!" Muryarta ta tsinke. "A gidan man da muka tsaya na yi mata. Ta ce sai ta yi sallar walha za ta ci abinci... Abba, ba ta ci komai ba!"

Umma ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Duk wanda ya taɓa zama da mai ciwon suga ya san abin da ake nufi. Allura ba abinci, jiki kan ɗauki rawa, gumi ya keto, daga nan sai barcin da ba kowa ke tashi ba. Gidan man kuwa yana can baya, kusa da garin da suka baro tun hantsi. Ga rana ta karkata.

Kaka ba ta da waya. Shekarunta da yawa a ƙasar wajen nan, amma ko "ruwa" ba ta iya faɗa da yarensu ba.

Takwara ta juya ga Lauya, ɗan gwaggonta da ya zo musu hutu daga gida, wanda ya tuƙo mota ta biyu.

"Yaya, ba kai ka ce ka ga ta shiga motar Abba ba? Ba kai ka ce Umma za ta ba ta abinci ba?"

Ya gyara gilashinsa. "To... na ga kamar ta nufi can."

"Kamar?"

"Ku shiga mota!" Abba ya daka tsawa. "Kai ma shigo." Ya dubi Umma. "Ke zauna da yara."

Abba yana da wata doka tun zuwansu ƙasar nan aiki. In an tashi tafiyar hutu, kowa zai kashe wayarsa, a zuba a jaka ɗaya a kulle a but ɗin mota. Cewa yake duk shekara kowa na gida amma ba mai ganin fuskar wani, to a kalli juna ko da na mako ne. Doka mai kyau, sai dai ba a yi ta don mota biyu ba. Bana kuma ya ƙara mata tsanani saboda mutum ɗaya.

Mai Burodi.

Shagonsa na ƙasan benen da suke haya. Shi ma baƙo ne, daga wata ƙasa dabam, salla ɗaya suke yi amma yare ya raba. In kowa ya fita aiki da makaranta, kaɗaici kan koro Kaka ta sauko ta zauna a kujerar da ke kusa da tandarsa don jin ɗumi. Tana yi masa surutu yana murmushi, har ya fara kamawa. Hausar tsofaffi ya koya, da zaginta da karin maganarta. Ita ta sa masa Angona, shi kuma yana gasa mata burodi na musamman marar suga, ya sa a jakar takarda mai ɗauke da sunan shagon. Kaka ba ta yar da jakar. Ninkewa take ta cusa a ko'ina, Umma na tsinta tana mita.

Takwara ce ke sauka kiran Kaka cin abinci. Tun tana tsayawa a ƙofa, har ta fara shiga, har ya zamana sai Kaka ta ce, "Wai ni kika zo ɗauka ko mijina kika zo ƙwace?"

Da maganar ta kai kunnen Abba, cewa ya yi, "Ban san asalinsa ba. In ya cuce ki, wa zan kai wa ƙara?" Ya toshe lambar yaron a wayarsa. Zuwan Lauya kuwa sai ya zama kamar faɗuwa ta zo daidai da zama, don tun a filin jirgi ya fara yi wa kawunsa famfo.

Yanzu Abba na tuƙi kamar zai tashi sama. Takwara na gefensa da jakar wayoyi a cinya. Ta kunna tasa ta miƙa masa, ya kira 'yan sanda. Suka ɗauki kwatance, suka ce za su bincika.

Ta kunna tata.

Ko gama buɗewa ba ta yi ba ta fara ruri. Sunan ya fito ɓaro-ɓaro: Angon Kaka.

Lauya ya leƙo daga baya. "Ikon Allah. Kawu, kalli wanda ke kira a irin wannan lokaci."

Abba ya fizge wayar.

"Mahaifiyata ta ɓace, ke kuma samari ne a gabanki?"

"Abba, wallahi ban..."

"Rufe mini baki!"

Ya kashe ta, ya jefa a aljihun rigarsa.

Titin ya miƙe ba iyaka, manyan motoci na wuce su suna girgiza tasu. Takwara ta jingina kai da gilashi. Ita ta yi allurar, da hannunta. Ta tuna yadda Kaka ta janye hannun riga tana cewa, "A hankali, 'yar nema, ba buhu kike ɗinki ba." Ta tuna yadda Lauya ya buɗe mata ƙofar gaba yana fara'a, ya ce yau dai za su yi hira ba mai sa musu baki. Ta shiga don gudun ɓacin ran Abba.

Ya Allah, kada ya zama ni ce ajalinta.

Sanyi ya fara sauka lokacin da suka isa gidan man. Takwara ta dire tun motar ba ta gama tsayawa ba. Ta duba shago, ta duba banɗakin mata tana bubbuga ƙofofi.

"Kaka! Kaka!"

Mutane na kallonta da kofunan shayi a hannu.

A bayan ginin, kan 'yar ciyawa, ta hango sallaya. Iska ta naɗe gefenta. Kusa da ita takalmi ne, ƙafa ɗaya.

Ta ƙwalla wa Abba kira.

Abba ya jawo wata mai shara yana tambayarta da yaren ƙasar, muryarsa na karyewa. Matar ta ce ita yanzu ta karɓi aiki, na safe sun tashi. Ta dai ji an ce motar asibiti ta ɗauki wata tsohuwa.

"Da ranta?"

Matar ta sunkuyar da kai. An ce ba ta motsi.

"Wane asibiti?"

Ba ta sani ba.

Abba, mutumin da ma'aikata ke miƙewa in ya shigo ofis, ya durƙusa a kan ciyawa ya ɗauki takalmin ya rungume.

"Inna... Inna, ni na kawo ki ƙasar nan..."

Takwara ba ta taɓa ganin hawayensa ba. Ta tsuguna a gabansa. Wani abu ne ya faɗo mata a rai: tunda suke, Mai Burodi bai taɓa kiranta ba in ya san tana tare da Abba. Ko sau ɗaya.

"Abba, ka yafe mini."

Ta zura hannu a aljihunsa ta zaro wayar.

"Kawu, kana kallo..." in ji Lauya.

Ba ta ko dube shi ba. Tana kunnawa kiran ya shigo, ta saka a lasifika.

"Ke ja'irar yarinya mai kunnen ƙashi!" Muryar namiji ce, amma zancen na Kaka ne sak. "Tun yaushe nake kira? Wayar ado ce?"

"Kaka..." abin da ta iya faɗa ke nan.

Muryar ta yi laushi. "Tana da rai, hasken idona. Tana da rai. Ga ni kusa da ita, na riƙe hannunta. Ki daina kuka, kin ji? Ki ba Abba, in faɗa masa hanya."

Abba ya miƙo hannu ya karɓi wayar.

A ƙofar ɗakin asibitin suka same shi, da rigar aikinsa, garin fulawa har gira. Yana ganin Abba ya rusuna.

"Sannu da hanya, Abba. An sha wuya."

"Yaya aka yi... yaya aka yi ka sani?"

Ya zaro wata takarda da ta sha ninki. Jakar burodinsa ce.

Mai sharar safe ce ta ga tsohuwa zaune a kan sallaya tana gumi, ba ta gane abin da take faɗa ba. Kaka ta lalubo takardar daga ƙullin zaninta ta tura mata, tana cewa ango, ango. Matar ta ga lambar waya a jiki ta kira.

"Na ce musu tana da suga, su sa mata zaƙi a baki, su kira motar asibiti. Sai na taho. Likita ya ce da an ƙara jimawa..." Bai ƙarasa ba.

"Shagon fa?" in ji Takwara.

Ya sosa ƙeya. "Maƙwabci ya kira. Ya ce ya kashe tanda, amma burodin yau ya zama gawayi."

Kaka na kwance, ƙarin ruwa a hannu, ta ƙanƙance a cikin farin gado. Takwara ta faɗa jikinta tana kuka.

"Ɗaga ni, kar ki ƙarasa abin da allura ta fara."

Abba ya durƙusa a bakin gadon. "Inna, ki yafe mini."

Idonta na kan Lauya da ya maƙale a bakin ƙofa.

"Kai, zo nan. Ba kai ka ce in koma motar kawunka ba, wai taka ta cika? Na ce to, ka gaya masa ya jira ni in yi salla. Me ka ce?"

Lauya ya kau da kai.

"Ka ce yanzu kuwa, Kaka. Ina sujada na ji tashin motoci."

"Na ɗauka zai gan ki ne..." Lauya ya fara. "Kawu, ni magana kawai nake so in yi da ita, ban yi nufin..."

Abba bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsawa ciwo. "Je ka jira a mota. Gobe ka haɗa kayanka. Ni zan kira uwarka da kaina."

Da ƙofar ta rufe, Kaka ta juyo ga ɗanta.

"Kai kuma mai neman asali. Wanda na haifa ya bar ni a titi. Jikana na jini ya sayar da ni don hira. Wanda ban haifa ba ya bar abincinsa a wuta ya zo. To wane asalin kake nema kuma, na sarauta?"

"Inna..."

"Likita na tambayata, shi ke fassarawa. Har zagin da na yi wa mai allura ya fassara, bai rage ba."

"Na rage kaɗan, Kaka," in ji Mai Burodi.

Dariya ta kuɓuce wa Takwara a tsakiyar kuka.

Abba ya daɗe yana kallon saurayin. Sannan ya ciro wayarsa, ya lalubo lambar da ya toshe, ya buɗe ta a gabansa.

"Kana da manya?"

"Mahaifiyata tana nan, da kawuna."

"Ka turo su."

Mai Burodi ya buɗe baki, Hausar ta gudu. Ya dubi Takwara, ita kuma ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ka ga shashasha," in ji Kaka. "Ka ce na gode mana! Takwara, na bar miki shi, amma kujerata ta kusa da tanda ba ta cikin sadaki."

Kafin sanyi ya fita aka ɗaura aure. Umma, wadda ta shekara tana yaƙi da takardun burodi, ita da kanta ta ware musu aljihun tebur guda a kicin.

Da hutu ya zagayo, motoci biyu suka sake tsayawa a ƙofar bene, ta Abba da ta shagon burodi. Jakar wayoyi na nan, sai dai yanzu kowace mota da waya ɗaya a kunne. Abba ya tayar da mota, ya kashe, ya fito. Ya zagaya ya leƙa tasa, ya zo ya ƙwanƙwasa gilashin ta surukinsa.

"Ina Kaka?"

Gilashin ya sauka. Tana zaune daram a tsakanin ango da amarya, da burodi a hannu.

"Ga ni, uban 'yan mantuwa. Ja mu tafi."