Yatsu Goma a Takardar Mijina

Ranar Talata na ji labarin, a ofishin tallafi na cikin gari, bayan na yi layi tun hantsi. Wata biyar ke nan da likita a birnin Mthatha ya rubuta cewa ciwon dajin da ke maƙogwaron mijina ya yi nisa, ya cancanci tallafin gwamnati na marasa lafiya. Wata biyar ko rand ɗaya, wato kuɗin ƙasarmu, ba mu gani ba.

Yarinyar da ke bayan gilashi ta duba na'urarta ta ce, "Mama, ai kuɗin suna fita. Wata huɗu ke nan ana karɓa."

Na ce, "Wa yake karɓa?"

"Wakilin da mijinki ya naɗa. Bongile Dyantyi."

Bongile ƙanin mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban koma gida ba. Na tsallaka titi na shiga caji ofis da jakata a hammata.

Sunan mijina Mzoli. Yana da rai ban taɓa kiran sunan ba, Tata, wato Baba, nake ce masa kamar yadda 'ya'yanmu suke cewa. Na rubuta shi sau ɗaya nan don a sani. A lokacin ba ya iya haɗiye komai sai madara da kunun masara da na tace da ƙyalle sau biyu. Madarar gwangwani da asibiti suka ce a ba shi tana da tsada, kuɗin taksi zuwa Mthatha ma haka. Abin da tallafin zai yi mana ke nan.

Wanda ya saurare ni Sufeto Tyali ne, wani gajere mai furfura a gemu, da tabarau ɗaure da zare. Ya bar ni na gama kukana, sannan ya buɗe littafi.

"Wa ya cike muku takardun tun farko, Mama?"

"Bhuti Welile. Shi ke cike wa kowa. Tsohon malamin makaranta ne, shi ne sakataren cocinmu." A wurinmu Bhuti ake ce wa namiji, wato ɗan'uwa, mace kuma Sisi, 'yar'uwa.

"Ke wa kike zargi?"

"Bongile mana. Ga sunansa a rubuce."

Ya ce, "Suna dai kowa yana iya rubuta shi. Bari in ga takardar da idona."

Washegari ya zo ƙauyenmu Qolweni da motarsa, da takardar a cikin ambulan. Ya nuna mini. Takarda ce ta naɗa wakili ga wanda ba ya iya zuwa ofis. A ƙasa akwai akwatuna goma inda aka ce mijina ya dangwala yatsunsa, duka goma sun cika da tawada mai ruwan shuni.

Ya ce, "Tawadar ofis baƙa ce. Wannan ba a ofis aka yi ta ba."

Muka gangara gidan Bongile. Yana gyaran shingen garke. Da ya ga ɗan sanda sai ya cire hula.

Sufeto ya ce, "Ina kake ranar ɗaya ga watan jiya, ranar biyan tallafi?"

"Ina nan gida."

Na ce, "Ƙarya kake yi, Bhuti. Na gan ka ka hau taksi da sassafe."

Ya kalle ni ya ce, "Sisi, yanzu har kin zama 'yar sanda?"

Sufeto ya leƙa garken ya ce, "Turke uku, akuya biyu. Ina ɗayar?"

Bongile ya ce ta ɓata. Sufeto ya rubuta. A mota na ce masa ya kama shi kawai. Ya ce, "Ƙarya ya yi, na sani. Amma ban san a kan me ya yi ta ba tukuna."

Daga nan muka wuce babban kantin gari inda ake cirar kuɗin tallafi da kati. Matar da ke biyan kuɗin ta ce ita ba ta duba fuskoki, mutane ɗari ne a ranar biya. Sufeto ya sayi burodi, ya tsaya yana hira da ita a kan ciwon ƙafa, har ta saki jiki.

Ta ce, "Akwai dai wani dattijo da ke zuwa da katuna huɗu ko biyar. Ya ce na tsofaffin cocinsu ne da ba sa iya tafiya. Mutumin kirki, kullum sai ya sa mini albarka."

Sufeto ya ce, "Yana sa jar rigar 'yan coci?"

"Eh, da alamar coci a ƙirji."

Na ce wa Sufeto wannan ba wani abu ba ne, kowa ya san Bhuti Welile yana taimaka wa tsofaffi. Shi ya yi wa mijina addu'a ranar da muka dawo daga asibiti.

Rana ta uku Sufeto ya ce yana son ganin mara lafiyar. Na shigar da shi. Tata yana zaune a bakin gado, bargo har wuya, ko da yake rana tana ƙwal. Tun da ya rame bai cika fitar da hannunsa ba. Na kawo kunun. Ya fito da hannu biyu ya riƙe kofin ƙarfen don nauyinsa.

Sai na ga Sufeto ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Tata, gidanku ana yanke yatsa?"

Mijina ya yi murmushi, ya ɗaga hannun hagu. Ƙaramin yatsansa ba shi da gaɓar ƙarshe. Al'adar danginsu ce, ana cire wa yaro tun yana goye, a binne a garke. Ni shekara talatin da ɗaya ina ganin hannun nan har na daina ganinsa.

Da muryarsa da ta dushe ya ce, "Ni da Bongile duka. Kakarmu ce ta yi mana."

Sufeto ya ce, "Dangin uwata ma suna yi. Ni kakata ta yi jinkiri, na girma na gudu."

Mijina ya yi dariya har tari ya kama shi. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin Kirsimeti.

Sufeto ya aika a kira Bhuti Welile da Bongile, ya ce shaida kawai ake so a rubuta. Welile ya zo da jakarsa ta coci, ya gaishe mu, ya miƙa wa mijina hannun dama kamar kullum. Shi haifaffen birnin Kapa ne, aure ya kawo shi ƙauyenmu, danginsu ba sa wannan al'adar.

"Malam, kana nan aka yi wannan takardar?"

"Ina nan, Sufeto. A ɗakin nan. Bongile ya roƙe ni, ya ce yayansa ya yarda. Sisi ta tafi rafi."

Bongile ya miƙe zai yi magana, Sufeto ya ɗaga masa hannu.

"Kai ka ga ya dangwala?"

"Ni na riƙe masa hannun, don yana rawa. Ɗaya bayan ɗaya."

"Duka goma?"

"Goma cif. Ga su nan ai."

Sufeto ya juya ya ce, "Tata, a taimaka mana."

Mijina ya zaro hannun hagu daga bargo ya ɗora a kan takardar, daidai akwatin ƙarshe. A akwatin ga zanen yatsa cikakke, zagaye. A hannun babu abin da zai yi shi.

Welile ya ce to watakila Bongile ne ya dangwala a madadinsa. Bongile ya ɗaga nasa hannun, ya ce, "Da wanne, Malam?"

Sufeto ya ce a buɗe jakar. A ciki akwai hatimin coci da kwalin tawadarsa mai ruwan shuni, da katuna biyar. Ɗaya na mijina.

Welile ya zauna a ƙasa. Ya amsa cewa nasa yatsun ne ya dangwala. Kwafin katin shaidar Bongile yana wurinsa tun wata takarda da ya cike masa. Ya ce shi a tunaninsa mijina ba zai kai wata biyu ba, kafin wani ya tambaya an binne shi.

Mijina ya dube shi ya ce, "Ka yi haƙuri da na daɗe."

Sufeto ya sa masa ankwa, ya ce ya cire alamar cocin da ke ƙirjinsa tukuna. Aka fita da shi ta gaban mata suna dawowa daga rafi.

Na tsaya gaban Bongile. Sufeto ne ya dawo bakin ƙofa ya ce, "Gaya mata inda akuyar take." Ashe akuyar da aka keɓe wa kakannin da suka rasu ce, wadda ba a sayarwa. Bongile ya kai ta kasuwa ranar ɗaya ga wata. Gwangwanayen madara shida da na tarar a bakin ƙofata, waɗanda na zaci daga coci ne, daga ita suka fito. Kunyar dattawa ta hana shi faɗi. Na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya ce, "Tashi, Sisi 'yar sanda, kar ki ɓata siket."

Sufeto Tyali bai tsaya nan ba. Shi ya kai ni ofishin da kansa, ya tsaya har aka soke wakilcin aka yi sabon kati da sunana. Wata uku muka karɓa. Wata ukun nan Tata bai rasa madara ko rana ɗaya ba, kuma ya je Mthatha sau biyu aka sa masa bututu a maƙogwaro, har ya ɗanɗana romon kaza. Ya rasu a watan Yuni, a gadonsa, Bongile yana riƙe da hannun nan na hagu. Sufeto ya zo jana'iza da kayan gida, ya zauna a baya.

Ni maƙogwarona lafiya lau. Amma har yau kowace safiya idan na dama kunu sai na shimfiɗa ƙyallen a bakin kofin ƙarfen na tace sau biyu. Yana tsiyaya ina ambaton mutum uku a addu'a: Tata, da Bongile, da Sufeto Tyali. Sannan in sha.